Gidan Rina da Ganyen Kacalla: Koyi da Halitta da Yin Takarda da Hannu



Mai girma shugaban wannan zama, shugaban kwaleji da mataimakansa, iyayenmu sarakuna da malamai da suka amsa gayyata, iyayenmu mata, shugabannin masu sana'ar hannu, 'yan jarida, da ku ɗalibai da don ku aka shirya taron, barkanmu da war haka.  

An nemi in yi magana a kan koyi da halittun Allah wajen ƙira da ƙere-ƙere, da kuma yadda ake yin takarda da hannu daga ganye ba tare da an cuci muhalli ba. A kan teburin nan akwai takardu iri-iri: ta ɓawon masara, ta ganyen ayaba, ta ganyen darbejiya gauraye da tsohuwar takarda, da ta kacalla. Zan roƙi ɗalibai biyu su zagaya da su yayin da nake magana. Ku taɓa, ku shinshina, ku ɗaga su sama haske ya ratsa, gani ya kori ji. Batutuwa shida zan bi, wasu a gurguje, wasu kuma sai kun yi haƙuri da ni.

Batu na farko: mene ne koyi da halitta?

A ƙasashen Turai da Amurka abin ya zama fanni mai zaman kansa, musamman bayan 1997 da wata Ba'amurkiya, Janine Benyus, ta fitar da littafi a kansa. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu, ya san hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa.

A 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji ya tarar wasu 'ya'yan ciyawa sun manne wa wandonsa da gashin karensa. Ya sa su a na'urar ƙara girma, sai ya ga kowane tsinke da ƙugiya a bakinsa. Daga nan aka samu Velcro, mannen nan mai ƙara idan an ɓare shi, wanda ke jikin takalman yara da jakunkunan makaranta. Jama'a, wa ya kai mu sanin ƙarangiya? Tun muna yara muke tsince ta daga ƙafar wando muna tsaki. Wa ya taɓa tsayawa ya tambaye ta yadda take kamawa?

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe akwai wani katafaren gini na shaguna da ofisoshi, Eastgate, da aka buɗe a 1996. Wanda ya zana shi, Mick Pearce, suri ya yi wa nazari. Da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi ta ratsa kankaren ginin, kankaren ya sha sanyin ya riƙe. Da rana ya dinga sakinsa sannu a hankali, iska mai zafi kuma tana ficewa ta bututai a sama. Magininmu na dā da ya ɗora soro mai kaurin bango da tubali ya san wannan sirrin. Haka marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda gumi ke sanyaya jiki, haka ruwan yashin ke sanyaya tukunyar ciki.

Sai dai koyi iri biyu ne. Akwai mai kwaikwayon siffa, akwai mai kwaikwayon hali. Mutum yana iya gina bene mai siffar ganye, ya lulluɓe shi da gilashi, janareta na ruri a bayansa dare da rana. Wannan siffa ya ɗauka. Halin dawa shi ne ba ta da juji. Ganye ya faɗi, gara ta ci, ƙasa ta samu taki, saiwa ta sha, sabon ganye ya toho. Duk abin da zan faɗa a kan takarda yau, da wannan mudun nake so ku auna shi.

Batu na biyu: yadda rina ta shiga tarihin takarda

Tarihin Sin ya danganta takarda ga wani bafade mai suna Cai Lun, wanda a shekarar 105 miladiyya ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da tsumma da tsofaffin komaye na masunta. Ku lura, da shara aka fara. Sana'ar ta isa Samarkand a ƙarni na takwas, ana ma ba da labarin cewa fursunonin yaƙin Talas na 751 ne suka kai ta. Wajajen 794, zamanin Haruna Rashid, an kafa masana'antarta a Bagadaza. Daga nan ta bi Masar da Fas da Andalus, ta shiga Italiya, inda mutanen garin Fabriano suka ƙirƙiro tambarin da ake gani a cikin jikin takarda idan an ɗaga ta ga haske.

Wannan tambari ya iso har ƙofar gidanmu. Wanda ya je Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya ɗaga warƙar wani tsohon littafi, sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere. Takardar arewacin Italiya ce, ta ƙetare teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi ta ratsa hamada. Baturen matafiyi Heinrich Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851. Kakanninmu sun yi tawadarsu da gawayi da ƙaro, sun feƙe alƙalaminsu na kara, sun ɗinka gafakarsu ta fata. Takarda kaɗai suke saye da tsada. Shi ya sa allo ya yi mana rana: a rubuta, a hardace, a wanke, a sake rubutawa. Har gobe ban ga abin rubutu da ya kai allo tattali ba.

Kusan duk takardar Turai ta wancan zamani da tsumma ake yin ta. Da injin ɗab'i ya yawaita, tsumma ya yi ƙaranci, har wasu ƙasashe suka hana fitar da shi. A 1719 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Réaumur, ya gabatar wa majalisar masana ta Faransa abin da ya lura da shi a gidan rina. Kada a haɗa ta da zanzaro, shi da laka yake gini. Rina kan sauka a kan busasshen itace ko tsohuwar dirka, ta kankare saman da bakinta, ta tauna da yawunta har ya zama ƙulli, ta je ta shimfiɗa shi siriri ya bushe. Wancan abu mai ruwan toka da ke rataye a ƙarƙashin rumfa, wanda muke hana yara tsokana, takarda ce ta gaske. Réaumur ya ce tunda ƙwaro ya yi takarda da itace, mutum ma zai iya. Tsakanin 1765 da 1771 wani limamin coci Bajamushe, Jacob Christian Schäffer, ya buga littattafai ɗauke da samfurin takardun da ya yi da ganyaye da ɓawon masara da gansakuka. A 1844 wani Bajamushen, Friedrich Gottlob Keller, ya ƙera injin niƙa itace, daga nan takardar itace ta mamaye duniya.

Takarda ta yi araha, jarida da littafin makaranta suka isa hannun talaka, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma me ya biyo baya? An sare dazuzzuka, kamar yadda aka yi wa na tsibirin Sumatra a Indunusiya a zamaninmu. An yi shekara da shekaru ana faranta takarda da sinadarin kulorin, dagwalonsa na kwarara cikin koguna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rina mataccen itace take kankara, ba ta hura wuta, ba ta ɗiban fiye da buƙatarta, gidanta kuma in ya tsufa ƙasa yake komawa. Mun ari itacen daga wurinta, mun bar mata halin.

Batu na uku: wane ganye ne yake yin takarda?

Kowane tsiro yana da zare a jikinsa, wanda masana ke kira selulos. Auduga kusan tsantsarsa ce. A sauran tsirrai zaren yana manne da wani danƙo mai tauri da ake kira lignin, shi ne ke ba itace ƙarfin tsayuwa, shi ne kuma ke sa tsohuwar jarida ta koma rawaya ta dinga karyewa. Aikin mai yin takarda kaf shi ne ya raba zaren da danƙon, ya watsa zaren cikin ruwa, ya tsamo shi a shimfiɗe. Ba a sa gam. Idan ruwa ya tsane, zare da zare suna kama juna da kansu.

Nan ne mutane da yawa ke karaya. Wani zai kalli bidiyo a intanet, ya share ganyen mangwaro ko darbejiya daga tsakar gida, ya dafa, ya niƙa, ya shanya, abin ya fito yana marmashewa a hannu. Dalili kuwa ganyen bishiya mai faɗi zarensa gajere ne kuma kaɗan. Yana ba da launi da ƙanshi da ado, amma ba ya ba da ƙarfi, sai an haɗa shi da jiƙaƙƙiyar tsohuwar takarda ko ƙyallayen auduga na shagon tela. A Turai wani matashi ɗan ƙasar Yukiren, Valentyn Frechka, tun yana ɗan sakandare ya fara gwajin ciro zare daga ganyen da ke zuba a titunan birni, har abin ya zama kamfani mai suna Releaf Paper da ke aiki a Faransa. Amma shi da injin tururi da matsi yake yi, ba da turmi ba.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ganyen kirki. Duba jijiyoyinsa. In sun bazu kamar raga, zarensa gajere ne. In sun miƙe a jere daga gindi har tsini, to ka samu. Yaga shi: in ya tsage a tsaye ya ƙi tsinkewa a kwance, akwai zare. Ɓawon masara, ganyen rake, gamba, moɗa, kaba, ganyen abarba, ɓargon ayaba, duk suna cikin wannan sahu. A ƙasar Filifin akwai wata 'yar'uwar ayaba, abaka, wadda da zaren gindin ganyenta ake yin 'yar jakar shayin nan da muke tsomawa a kofi, har kuɗin takarda na Japan yana ɗauke da shi. Ramarmu ma, ko da yake a ɓawon kara zarenta yake, tana cikin mafiya kyau.

Sai kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Duk wanda ya fito daga Haɗejiya, Guri, Kirikasamma ko Nguru, ba sai na gabatar masa da ita ba. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin yankin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan ce ke hana kacalla sakewa. Da ruwa ya koma gudana shekara zagaye, sai ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Mutanen kogin Sanagal sun ga irin wannan bayan madatsar Diama ta 1986. Ga shi kuwa ganyenta dogo ne, ya fi tsayin mutum, jijiyoyinsa a miƙe. Takardar da ke hannun wasunku yanzu, mai launin ƙasa-ƙasa da ɗan sheƙi, ita ce. Ku ja ta da hannu biyu ku ji.

Batu na huɗu: yadda ake yi

A nan zan ɗan daɗe, don na ga alƙaluma a hannun ɗalibai.

A yanka busasshen ganye gutsi-gutsi, kamar tsawon gaɓar yatsa, a auna nauyinsa tun yana bushe, a jiƙa shi ya kwana. Sai dafuwa, kuma ruwa zalla ba ya narkar da danƙon. Iyayenmu mata sun san abin da kanwa ke yi wa wake mai taurin kai, to aikin ɗaya ne. Masu sana'ar sukan sa sodar wanki giram 200 ga kowane kilo ɗaya na busasshen ganye, a dafa awa biyu zuwa uku a kan wuta marar ƙarfi. Kanwa ma tana yi, sai dai ta fi jan lokaci. Tataccen ruwan toka, irin na masu sabulun salo, shi ma yana yi, da shi Japanawa suka daɗe suna dafa nasu ɓawon. Soda mai ƙuna ta masu sabulun zamani ta fi sauri, amma ina roƙonku ku bar ta. Tana cin fata, tana makantar da ido, tana kuma raunana zaren in ta yi yawa. Kada a dafa a tukunyar alminiyam, ruwan zai cinye ta. A nemi rabin duro ko tukunyar ƙarfe marar tsatsa, a dafa a fili inda iska ke kaɗawa, kuma tukunyar ta yi sallama da girki.

Ruwan zai koma baƙi-baƙi, danƙon ne ya fito. Ka tsamo ɗan ganye da cokali, ka ɗauraye, ka murza tsakanin yatsu. In ya rabu da santsi ba gardama, ya nuna. A juye cikin buhu ko ƙyalle a yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau, santsin ya bar hannu. Kada ka firgita in ka ga abin ya ragu, da wuya a samu rabin nauyin da aka zuba.

Sai daka. Turmi da taɓarya sun wadatar, ko kuwa faffaɗan dutse da guduma ta katako. Ba gari ake nema ba. So ake kowane zare ya farfashe a gefe ya yi gashi-gashi, don ya samu abin kama ɗan'uwansa. Injin markaɗe yana da sauri, amma yanka yake yi, takardarsa ba ta kai ta turmi ƙarfi. Yaya za ka san dakan ya isa? Ɗebi ɗan kaɗan ka jefa cikin farar kwalba mai ruwa, ka girgiza, ka ɗaga ta ga haske. In ka ga dunƙule-dunƙule, koma turmi. In zaren ya bazu ko'ina daidai, an gama.

Yanzu a cika babban baho da ruwa, a zuba dakakken zaren kaɗan, ya zama ruwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ga wani sirri da zai ba ku sha'awa. Takardar Japan ta hannu, washi, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, sirrinta wani yauƙi ne da suke samu daga saiwar tsiron tororo-aoi. Yauƙin yana hana zare dunƙulewa, yana rage saurin tsanewar ruwa, har mai aiki ya samu sukunin daidaita shimfiɗarsa. Wannan tsiro da kuɓewarmu 'yan gida ɗaya ne. Yanka ɗanyar kuɓewa, jiƙa ta cikin ruwan sanyi ta kwana, tace da ƙyalle, zuba a baho. Na ga iyayenmu mata suna murmushi. Gaskiya ce, Hajiya, kuɓewar miya.

Kayan tsamowa kafinta zai haɗa maka: firam biyu na katako masu girma ɗaya, ɗaya an ɗame masa ragar taga ko tsohon gidan sauro, ɗaya fanko a ɗora a kai ya tsare gefe. Ka dama ruwan da hannu. Ka riƙe firam biyun tare, ka tsoma a tsaye daga can gefen baho, ka kwantar a ƙarƙashin ruwa, ka ɗago a miƙe ba tsayawa. Yayin da ruwa ke zuba ta ƙasa, ka ɗan girgiza gaba da baya, hagu da dama. A cikin wannan 'yar girgiza ta daƙiƙa kaɗan zaren ke saƙa kansa. Za ka ga sheƙin ruwan ya dushe, fuskar ta koma dishi-dishi, to ka tsaya cak, in ka ƙara motsi za ta yage. Kada ɗigon ruwa daga hannunka ya faɗa a kai, tabon ba ya ɓacewa. Cire firam na sama, kifa ragar a kan jiƙaƙƙen ƙyalle da ke shimfiɗe a kan tsohon bargo, danna daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, ɗaga. Ga warƙarka kwance. Ɗora wani ƙyallen, ka sake tsomawa.

In sun taru, a sa su tsakanin katako biyu a danne da duwatsu ko jak na mota. Sannan a ɓare kowace a shafe ta a jikin katako mai santsi, a inuwa. Iskar hunturu tana busar da ita da gaggawa ta kanannaɗe, don haka a lokacin a bar ta a ɗaki. In don rubutu ake so, akwai sauran aiki, domin ɗanyar takarda shan tawada take yi ta baje. A shafa mata ruwan sitaci siriri, ta bushe, a goge ta da dutse mai santsi ko gindin kwalba har ta yi ƙyalli. Haka masu takardar Bagadaza da Dimashƙa suka yi tasu, da sitacin alkama ko na shinkafa.

Batu na biyar: lissafin da ba a son yi

Yau duk abin da aka yi da ganye sai a ce mai kare muhalli ne, a buga koren tambari a kai. Ni ba na karɓar wannan sai an amsa mini tambayoyi.

Daga ina ganyen ya fito? A ƙasarmu ganyen da ya zuba a gona ba shara ba ne. Ku dubi gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina daidai lokacin da gero ke buƙatar taki da haske. Manoman Maradi da Damagaram da suka riƙa barin kututture ya tofo a gonakinsu tun shekarun 1980 sun farfaɗo da ƙasa mai faɗin hekta kimanin miliyan 5, kuma ganyen waɗannan itatuwa na cikin abin da ya dawo wa ƙasar da ƙarfinta. Kara da harawa abincin dabbobi ne, kaba ta masu tabarma ce. Wanda ya kwashe waɗannan ya yi takarda, ya cire wa ƙasa da akuya da masaƙi abinci daga baki. Abin da ya halatta mana shi ne wanda ya zama kaya: ganyen da ake tarawa a ƙone a makarantu da ma'aikatu, tukar rake da ɓawon masara da ke jibge a kasuwa, ƙyallen tela, takardun jarrabawa da suka gama aiki, da kacalla.

Da me aka dafa? In an ƙone icen kirya ko na marke awa uku don a fitar da 'yan warƙoƙi, wace bishiya aka ceta? Ina aka zubar da baƙin ruwan? In na soda ne, gishirinsa yana kashe ƙasa, in ya shiga kududdufi kuma ya cuci kifi.

Ko jakar takarda ma ba kullum ta fi leda ba. Wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar takarda sau uku kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in an gwada da leda. Laifin leda a wurinmu daban ne: ba ta ruɓewa. Tana toshe kwalbatoci ruwa ya ci gidaje, kuma ku tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin saniya. Shi ya sa Ruwanda ta hana ta a 2008, Nijar ta yi dokarta a 2014, Kenya ta bi a 2017. Mu da muka gaji huhun goro da ƙunshin daddawa a ganye, bai kamata a koya mana wannan ba.

To, ga yadda nake ganin za a bi halin dawa a wannan sana'a. A yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, domin yankan ƙasan ruwa yana toshe wa saiwarta iska ya raunana ta, ka ga an buɗe wa masunci hanya. Ganyen ya tafi takarda. Karan da ragowar su bushe su zama makamashin dafuwa. Tokar da ta fito a tace ta, ruwanta ya dafa ganye na gaba. Baƙin ruwan da ya rage, tunda na toka ne, sinadarin fotash ke cikinsa, ɗaya daga cikin ukun da ke cikin buhun takin zamani. A kashe kaifinsa da ruwan tsamin gasara, a sirka, a zuba a ramin takin gargajiya. Ruwan baho kuma a yi ta maimaita shi. Me aka saya? Kuɓewa da ragar taga. Me aka zubar?

Batu na shida: wa zai saya?

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce turmi zai wadatar da makarantun Nijeriya da littattafan rubutu. Wannan aikin manyan masana'antu ne, kuma mun san yadda ta kaya da namu: masana'antar takarda ta Jebba da ta fara aiki a 1969, ta Oku-Iboku a 1986, da ta Iwopin, duk sun durƙushe a shekarun 1990, kuma cikin dalilan har da dogaro da dogon zaren da ake sayowa daga waje da kuɗin ƙetare, alhali rama na tsaye a gonakinmu.

Takardar hannu kasuwarta daban. Garin Sanganer da ke kusa da Jaipur a Indiya ya shahara da ita, daga ƙyallen auduga suke yi suna sayarwa har ƙasashen waje. A nan gida ku ƙirga katunan gayyatar biki da ake bugawa a Kano a wata guda. Ga takardun shaidar sauka da na kammala karatu. Ga masu turaren wuta da humra da sabulu da ke neman abin naɗi mai daraja. Ga alarammomi masu rubutu da masu zayyana, waɗanda suka fi kowa sanin takarda mai kyau. Wanda ya fi kwanta mini a rai kuwa shi ne mazubin rainon itace. Miliyoyin dashen da ake raino kowace shekara a arewa cikin baƙar leda suke, a yaga a yar a bakin rami. In da dakakkiyar kacalla aka yi mazubin, da shi za a binne dashen, ya ruɓe a ƙasa, saiwa ba ta girgiza ba. Wannan ba ya buƙatar guga ko sitaci, ko mai koyo na makon farko zai iya.

Roƙona ga shugaban kwaleji guda ne. A ba ɗalibai rumfa ɗaya da baho da turmi. 'Yan sashen kimiyya su auna ƙarfin ruwan tokar kacalla da ta karan dawa, su gaya mana awa nawa kowanne ke ɗauka. 'Yan sashen gini da kafinta su ƙera firam da matsi. 'Yan kasuwanci su fitar da kuɗin kowace warƙa, har da ladan wanda ya shiga ruwa ya yanko, domin shi ne ke fama da sauro da matsattsaku. A kuma gayyato matan da ke yin sabulun salo su koyar da tatar toka, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini 'yar takarda cewa lokaci ya yi.  Baho da firam suna nan a bakin ƙofa, bayan an tashi duk mai so ya zo ya tsoma hannu. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwanmu na bakin fadama da suka fi ni sanin kacalla, ya ɗaga hannu a miƙa masa abin magana.